Hannun Jifa Yana Nan a Rano da Kibiya, Horo Ya Rage

Sakan biyu kacal wasan besbol ke ba mai cafe ƙwallo. Cikin wannan ɗan lokaci zai karɓi jifan da ya zo masa yana tsugune, ya zaro ƙwallon daga safar hannunsa, ya gyara ƙafa, ya cilla shi tazarar mita 38.8, ya kuma sauka daidai hannun abokin wasansa, ƙasa-ƙasa, dab da ƙafar mai gudu. A babbar gasar Amurka, inda na'urorin Statcast ke auna kowane motsi tun 2015, matsakaicin ɗan wasa yana gama wannan aiki cikin kimanin sakan biyu. Gwanaye irin su J.T. Realmuto, wanda ya yi suna a ƙungiyar Philadelphia Phillies, sukan sauko ƙasa da 1.9.

Mutumin Rano ko Kibiya yana da hujja idan ya ce ina ruwansa. Filin makaranta a yankin na ƙwallon ƙafa ne, hirar majalisa ta Kano Pillars ce da Arsenal da Barcelona, idan kaka ta yi kuma a koma dandalin dambe da kokawa da langa. Sai dai akwai wata dukiya a garuruwan nan da ba a taɓa sa ta a lissafi ba, wato hannun jifa. Yaron da ya tashi yana korar tsuntsaye daga gonar gero da dawa a Saji ko Tarai, ko daga shinkafar noman rani da ruwan Tiga ke shayarwa a maƙwabciyarsu Bunkure, wanda ya saba kakkaɓo mangwaro daga reshen ƙoli da hoge ɗaya, yana shiga sakandare ne da shekaru na atisaye a kafaɗarsa. Matsayar wannan shafi ita ce makarantun Rano da Kibiya su ɗauki wannan baiwa da muhimmanci, su koya wa yaro yadda zai horar da kansa shi kaɗai, bisa tsari da awo, domin irin horon da mai cafe ƙwallon besbol ke yi ba ya buƙatar filin wasa na miliyoyi.

Ga wanda bai san wasan ba, fili ne mai kusurwa huɗu, kowace kusurwa zango ce, tsakanin zango da zango mita 27.4. Majefi yana tsakiya yana jefo ƙwallo, mai bugu yana jiransa da kulki a zangon gida, mai cafewa kuma yana tsugune a bayan mai bugu, sanye da sulken ƙirji da makarin fuska. Idan ɗan wasan abokan hamayya ya riga ya taka zango na ɗaya, yakan nemi arcewa zuwa na biyu da zarar majefi ya ɗaga ƙafa. Wannan ita ake kira satar zango, kuma hana ta aikin mai cafewa ne. Mai zafin gudu yakan isa cikin sakan uku da 'yan kai. Jifan majefi ya riga ya cinye kusan 1.3, saura biyu. A kashi ɗaya cikin goma na sakan, mai gudu ya shafe kimanin santimita 80, wanda ya ishe shi tsira. Tun da gasar Amurka ta ƙara faɗin zanguna a 2023, ta kuma taƙaita sau nawa majefi zai iya juyawa ya tsare mai gudu, satar zango ta tashi daga 2,486 a kakar 2022 zuwa 3,503 a kakar 2023. Darajar mai cafewa mai saurin hannu ta ƙaru ke nan a wannan gasa.

Abin da ya kamata kowane ɗalibi ya fara ganewa shi ne sakan biyun nan gida biyu ne. Akwai lokacin da ƙwallo ke hannu, daga cafewa zuwa saki, wanda ƙwararru ke gamawa cikin kimanin 0.7. Akwai kuma lokacin da yake tafiya a iska. Kusan kowane yaro hankalinsa kan na biyun yake, yana so damtsensa ya yi ƙarfi. To amma lissafi bai goyi bayansa ba. Kafin ɗan sakandare ya rage kashi ɗaya cikin goma na sakan daga tafiyar ƙwallo a iska, sai ya ƙara wa jifansa gudun kilomita 8 zuwa 10 cikin sa'a, abin da ke cin watanni, wani lokaci ma sai jiki ya ƙara girma. Wannan kashi ɗaya ɗin kuwa yana nan zube a hannunsa da ƙafarsa: laluben ƙwallo cikin safa, miƙewa tsaye ƙiƙam kafin jifa, ƙarin taku ɗaya da ba a buƙata. Waɗannan kurakurai ana gyara su cikin makonni, kuma ba sai da abokin wasa ba.

Farawa daga riƙo ake yi. Ƙwallon besbol yana da nauyin giram 142 zuwa 149, da ɗinki mai lanƙwasa a jikinsa. Idan manuniya da ɗan yatsan tsakiya suka gitta ɗinkin, babban yatsa yana ƙasa, ƙwallon yakan juya da baya ya tafi sak. Idan riƙon ya karkace, jifan ma ya karkace. Yaro na iya zama kan tabarma bayan sallar isha'i, ya riƙa wulla ƙwallo sama yana cafewa, yatsunsa suna nemo ɗinkin ba tare da ya duba ba, har abin ya zame musu jiki.

Daga nan sai bango. Katangar bulo ta makaranta ta isa, haka ma fuskar dutse mai santsi, abin da ƙasar Rano ba ta rasa ba. Katangar ƙasa dai a bar ta, don kada a ɓata wa mai gida yaɓe. Yaro ya tsuguna taku biyar ko shida daga bangon, ya jefa ƙwallon tanis ko na roba, ya bari ya dawo har kusa da ƙirjinsa kafin ya karɓa, ya juya tafin hagu ya miƙa wa dama a tsakiyar jiki, ya kai hannu kusa da kunne, ya tsaya nan. Ba sai ya yi jifa ba. Abin da ake nema shi ne hannayen biyu su haɗu a wuri ɗaya kullum. Wanda ke miƙa hannu can gaba yana tarbar ƙwallo ɓata lokaci yake yi, domin ƙwallon ya fi hannunsa sauri.

Ƙafa ita ce ta uku, kuma ita ta fi wahalar koyo. A ja layi a ƙasa da tsinke, ya nufi inda ake son jifan ya je. Daga tsugune, ƙafar dama ta sauka kan layin a ƙarƙashin haɓa, a gicciye, ta hagu ta taka gaba kan layin, kafaɗar hagu tana nuna inda aka nufa, ƙugu yana ƙasa bai miƙe ba. Taku biyu ne, ɗaya na bin ɗaya kamar abu guda. Bahago sai ya juya tsarin. Sawun da yaro ya bari a turɓaya shi zai gaya masa gaskiya: idan ƙafar gaba ta kauce daga layi, jifan ma zai kauce.

Duk wanda ya taɓa riƙe majajjawa ya san igiyar ba ta da ƙarfin kanta. Mai jifa ne ke kafe ƙafa, ya murɗa ƙugu, igiya ta biyo baya ta saki dutse. Haka hannu yake a jifan besbol: ƙarfi daga ƙasa yake tasowa, ya bi cinya da ƙugu da gadon baya, hannu ne na ƙarshe. Saboda haka atisayen ƙarfi na mai cafewa ya fi karkata ga ƙafa da tsakiyar jiki. Tsugunawa da miƙewa, tsalle daga tsugune, hawan tudu, da tsohuwar ƙwallon ƙafa da aka cika da yashi kilo biyu ko uku ana murɗa jiki ana maka ta a bango da hannu biyu. Ita kuwa kafaɗa, ƙananan naman da ke riƙe da ita ta baya su ne birkin hannu bayan an saki ƙwallo, kuma su suka fi saurin gajiya. Robar cikin tayar babur da aka ɗaure a jikin bishiya ta isa a ƙarfafa su, a ja a hankali, gwiwar hannu tana manne da haƙarƙari.

Sai bayan duk wannan ake zuwa jifan nesa. A fara daga mita 15, a riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan cikin makonni har a wuce 40. A kafa tsohuwar taya a tsaye a mita 39, wajen taku hamsin na babban yaro, a rataya buhu a bayanta ya tare ƙwallo. Jifan da ya tafi ƙasa-ƙasa ya daki ƙasa sau ɗaya ya shiga taya ya fi wanda ya yi sama ya sauko, domin ya fi shi saurin isa.

Abin da ke raba horo da wasan yara shi ne awo. Yawancin wayoyin hannu suna ɗaukar hoto 30 a kowane sakan na bidiyo. Yaro ya jingina waya a kan dutse, ya ɗauki kansa, ya ƙirga hotuna daga shigar ƙwallo hannu zuwa fitarsa. Hoto 21 daidai yake da 0.7, hoto 30 sakan guda. Ya rubuta a bayan littafin lissafinsa da kwanan wata. Bayan wata guda zai san ko gaba yake yi ko yana nan inda yake, ba tare da wani ya yabe shi ko ya kushe shi ba.

Afirka ta riga ta ga wanda ya bi wannan hanya. Dennis Kasumba maraya ne daga Gayaza, kusa da Kampala a Yuganda, wanda talauci ya fitar daga makaranta ya kai shi aiki a mayanka tun yana ɗan yaro. Wani mai horarwa, Paul Wafula, ya jawo shi cikin besbol ya mayar da shi mai cafewa. Kayan atisayensa tsofaffin tayoyi ne da robobin ruwa da fili mai taɓo. Bidiyon da ake ɗaukarsa yana horo ya karaɗe intanet a farkon 2023, kuma a watan Yuni na wannan shekara, bayan an hana shi biza fiye da sau ɗaya, ya sa rigar ƙungiyar Frederick Keys a jihar Maryland, cikin gasar da ake gwada matasa masu neman shiga sahun ƙwararru. Bai kai ga babbar gasa ba, kuma wannan ma abin lura ne: horon kaɗaici yana gina hannu da ƙafa, amma karanta jifan ƙwararren majefi sai an yi ta fuskantar sa. Wani abin lura kuma, Kasumba bai kasance shi kaɗai ɗungurungum ba. Akwai babba guda da ke duba shi yana gyara masa. A Yuganda ɗin dai, ƙungiyar Los Angeles Dodgers ta ɗauki matasa biyu, Ben Serunkuma da Umar Male, a 2022. Kafin su, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga babbar gasar Amurka, a 2017, da Pittsburgh Pirates.

Buƙatar babba guda mai duba yaro ta fi tsanani idan aka zo batun rauni, kuma a nan ne iyaye ya kamata su buɗe kunne. Ƙashin ɗan shekara 14 ko 15 bai gama ƙosawa ba. A gwiwar hannu da kafaɗa akwai guringuntsin da ƙashi ke tsawo daga gare shi, kuma jifa mai yawa yana iya tsaga shi. A wani bincike da Mike Reinold da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2018, an sa matasa 'yan shekara 13 zuwa 18 horo na mako shida da ƙwallaye masu nauyi daban-daban. Gudun jifansu ya ƙaru da kimanin kashi 3 cikin 100, amma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi horon sun samu rauni, alhali babu ko ɗaya cikin waɗanda suka tsaya kan ƙwallon da aka saba. Yaron ƙauye da ya ga irin wannan horo a waya zai iya ɗaukar dutse mai nauyi ya ce zai kwaikwaya. A hana shi. A Amurka akwai aikin tiyatar dashen jijiyar gwiwar hannu da likita Frank Jobe ya fara yi wa ɗan wasa Tommy John a 1974, kuma ko a can sai an yi shekara ko fiye ana jinya. Manomin Kibiya ba shi da kuɗin wannan, kuma hannun da ya lalace shi ne hannun riƙe fartanya da alƙalami.

Ƙa'idojin kariya ba su da wuya. A ɗumama jiki har gumi ya tsatso kafin jifan farko, musamman da sanyin hunturu. Jifa da cikakken ƙarfi kada ya wuce kwana biyu ko uku a mako, da hutu a tsakani, sauran ranaku na hannu da ƙafa ne. Lokacin bazara, sanda zafi ke kai maki 40, a yi atisaye bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. Shirin Pitch Smart da hukumomin besbol na Amurka suka fitar a 2014 ya ba da shawarar matashi ya huta da jifa na wata biyu zuwa uku a jere kowace shekara, kuma damina ta riga ta tanadar wa yaran yankin wannan hutu, tunda gona ce ke kiransu. Idan ciwo ya taso a cikin gwiwar hannu ko can cikin kafaɗa, a ajiye ƙwallo a je asibiti. Kada a bari yaro ya haɗiyi ƙwayar kashe zafi ya koma fili, domin daga nan ne ƙaramin ciwo ke zama nakasa, wani lokaci kuma ƙwayar ta zama jaraba.

Masu cewa wasan baƙo ba zai yi saiwa a ƙasar Hausa ba su tuna da Fives, ƙwallon da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango. Daga makarantar Eton ta Ingila ya fito, wani malami mai suna Hogben ya kawo shi makarantun Birnin Kebbi da Katsina a shekarun 1920, Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma har gobe ana buga shi a biranen Arewa. Bango da ƙwallo da malami guda suka dasa shi. Ita ma besbol ba baƙuwa ba ce a Najeriya: ƙasar ta ci azurfa a wasannin Afirka na 1999 a Johannesburg da na 2003 a Abuja, Afirka ta Kudu ce kawai ta sha gabanta, kuma akwai filin wasan a Ilorin. Wasan zai dawo gasar Olamfik a Los Angeles a 2028.

Akwai ma ƙofa mafi sauƙi. Hukumar besbol ta duniya ta fito da wani samfuri mai suna Baseball5, wanda aka samo daga wasan titi na yaran Kyuba. Mutum biyar-biyar ne, ƙwallon roba ɗaya, da hannu ake bugu, ba kulki ba safa, tsakanin zanguna mita 13. An yi gasarsa ta duniya ta farko a birnin Meziko a 2022, an kuma sa shi cikin wasannin Olamfik na matasa na Dakar na 2026. Babu mai tsuguno a bayan mai bugu a wannan samfuri, amma cafewa da saurin saki su ne ransa, kuma tsakar makarantar 'yan mata ta ishe su su buga a tsakaninsu cikin sutura da natsuwa.

Ko da yaro bai taɓa ganin filin besbol ba, horon bai tafi a banza ba. Mai tsaron raga yana buƙatar wannan jifa, haka ɗan ƙwallon hannu da ɗan kurket. Julius Yego na Kenya daga bidiyon YouTube ya gyara jifan mashinsa, ya ci zinare a gasar duniya ta 2015 a Beijing da mita 92.72. Arshad Nadeem, ɗan ƙauye daga Pakistan da ya fara da kurket, ya jefa mita 92.97 ya ɗauki zinare a Paris a 2024. Dukansu daga ƙasashen da ba a san su da jifan mashi ba suka fito.

Abin da ake nema daga masu iko kaɗan ne. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, aka kuma shiga gyaran azuzuwa da katangu. Duk makarantar da aka yi wa katanga, a shafe wani ɓangare nata da siminti mai kyau, a bar fili a gabansa. Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su sayi ƙwallayen roba da na tanis dozin biyu da tef ɗin awo ɗaya. Sashen ilimin motsa jiki na Jami'ar Bayero da na kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso suna yaye ɗalibai duk shekara, wasu 'yan bautar ƙasa da ake turowa yankin ma wannan fanni suka karanta, amma akan ba su wani darasi daban su koyar. A mayar da mutum guda kan aikinsa a kowace makaranta, ya duba littafin awon yara sau ɗaya a mako, ya kuma zama mai ikon cewa wane ya huta.

Daga nan sai gasa. A wasannin gidaje na shekara-shekara a ƙara fanni ɗaya: daga tsugune, a cafe, a jefa cikin taya a mita 39, a ba da maki kan lokaci da kan saiti. Zakarun Rurum da Lausu da Madachi su haɗu da na Durba da Tarai da Kibiya tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan an kai amfani gida kuma gari ya yi sanyi. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Rano da Bunkure da Kibiya, da attajiran da yankin ke alfahari da su, ba za su rasa kuɗin kofi da motar kai yara ba, kuma fadar Sarkin Rano, Autan Bawo, tana da kimar da za ta tara su. Idan an kammala, a rubuta sunayen yara goma na farko da lokacin da kowanne ya yi, a haɗa da bidiyonsu, a aika wa hukumar wasanni ta Jihar Kano da hukumar besbol ta ƙasa, tare da takardar gayyatar mai horarwa ya zo Rano ya gan su a zangon karatu na gaba.